Kwamfutar da Ta Haɗiye Sunan Yayana

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, a nan Garwa, kuma abin da zan faɗa ya shafi kwamfuta, wadda ko kunna ta ban iya ba. Sau da yawa na ɗauki alƙalami na ajiye, don tsoron in ɗauki alhakin wani kamfani da abin da ban tabbatar ba. Saboda haka ba zan kira sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji zan faɗa, inda nake shakka kuma zan ce ina shakka.

Gidanmu gidan fataken shanu ne tun kakanmu da ya zo daga Najeriya. Bayan rasuwar mahaifinmu, yayana ya zama babba, ni kuma ina tsaya masa wajen lodi a kasuwar shanu. A shekarun da masu tare hanya, waɗanda muke kira zargina, suka koma ɗaukar mutane a rugage da gidaje suna neman fansa, a lokacin Allah ya hore wa Yaya ya sayi babbar motar ɗaukar shanu zuwa kudu. Bai so kowa ya sani ba, don wanda aka san yana da irin wannan mota, an san 'ya'yansa suna da tsada. Ya ci gaba da hawa tsohon kekensa. In motar ta wuce ta gabansa, sai ya kau da kai kamar ya ga suruka. Direban kuwa an koya masa ya ce ta wani mutumin Duwala ce.

Amma mota ba ta hawa titi sai da asirans, abin da mutanen Najeriya ke kira inshora, in ba haka ba jandarman farko zai ajiye ta. Masu asirans kuma sunan mai mota na gaskiya suke so, da unguwarsa, da lambar wayarsa. Yaya ya kira ni ya ce, "Kai ne ka yi boko a gidan nan. Je ka duba mana wanda za mu yi da shi, wanda bakinsa ba ya yoyo."

A cikin makon nan ina zaune wajen mai shayi, rediyo ya kawo labarin wasu ɓarayi da ba sa haura katanga. Suna zaune a wata ƙasa sai su biyo waya su shiga kwamfutar kamfani, su kwashe sunayen mutane da gidajensu, su sayar. Na ajiye kofi na tambayi mai shayi, "Su sayar wa wa?" Ya ce, "Wa wanda ya saya mana." Ban iya shanye shayin ba.

Mahaifinmu yana da yadda yake gwada makiyayi kafin ya ba shi amanar garke. Ba ya tambayarsa ko yana da riƙon asiri, don kowa cewa zai yi yana da shi. Sai ya fara ba shi ramammiyar saniya guda. Bayan an kwana biyu ya aiki wata fuska da makiyayin bai sani ba, ta je ta yi hira, ta tambayi saniyar wa ce, ina gidan mai ita, yana da wasu. In baƙon ya dawo da labari, sai a je a karɓo saniyar, a yi godiya, ba faɗa. Ban san wata hanyar gwada amana ba sai wannan, don haka na ce da ita zan gwada kwamfutocin.

Ramammiyar saniyata ita ce tsohon babur ɗina. Na yanke shawarar in yi masa asirans a kamfani uku. Sai da na fara zuwa wajen malaminmu na tambaye shi ko ya halatta a yi wa abu ɗaya asirans sau uku. Ya ce shi ko na sau ɗayan bai gama nazari a kansa ba. Na ɗauki wannan a matsayin bai hana ba, ko da yake har yau ina shakka.

Kamfani na farko a bene yake kusa da babbar kasuwa, ga gilashi, ga sanyin na'ura. Wata madam mai tabarau ta karɓe ni. Da ta gama shigar da babur ɗin, na ce, "Madam, in ɓarawo ya biyo waya ya shigo nan, me zai tarar?"

Ta ce, "Ƙofa a kulle, Malam. Akwai lambar sirri, duk wata muna canza ta, ba wanda ya san ta sai mu."

Ba ta rufe baki ba wani ma'aikaci ya ɗaga murya daga ɗakin ciki, da Faransanci, yana tambayar lambar wannan watan, wai ya manta. Ita ma ta ɗaga murya ta faɗa masa. Faransancina na firamare ne, amma ya isa ƙirga. Na ji ta tsaf. Wani mai tallan dabino da ke bakin ƙofa shi ma ya ji, sai dai shi bai nuna abin ya dame shi ba.

Na koma gida da mabuɗin asirin mutanen da ban sani ba a cikin kaina. Na yi ƙoƙarin manta ta, na riƙa karanta lambobin ƙarya a kanta, sai ta ƙara zama. Har cikin salla take zuwa mini. Da na ga ba zan iya ba, na koma na ce wa madam amanarsu tana hannuna ba da sona ba. Ta yi godiya ƙwarai, ta ce yanzu za ta canza. Ashe ita irin mutanen nan ce da ba sa iya danna lamba sai sun furta ta. Na sauko daga benen da lamba biyu.

Kamfani na biyu ƙofar ƙarfe gare shi da mai gadi riƙe da kwari da baka. Wannan ya kwantar mini da hankali kaɗan, sai da na tuna ɓarawon waya ba ta gabansa zai wuce ba. Direktan da kansa ya zauna da ni. Ya ce kada in damu, su ba sa ajiye kome a Garwa, duk bayanai suna Duwala cikin wani ɗaki mai sanyi da ba shi da taga.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta wace hanya sunana zai bi zuwa Duwala?"

"Ta waya."

"Wayar ta Ngaundare ta bi?"

Ya ce mai yiwuwa. To, na san hanyar nan, shanunmu ita suke bi, na san wuraren da ake tsare mutane. Na ce, "A ina yake kwana?"

Ya yi dariya ya ce ba ya kwana, nan take yake isa. Na roƙi ko zai kwatanta mini ɗakin, kaurin bangonsa da wanda ke riƙe da mabuɗi. Ya ce gaskiya shi ma bai taɓa ganin ɗakin ba. Na miƙe na yi masa sallama. Mahaifinmu bai taɓa ba da saniya ga makiyayin da bai taɓa ganin garkensa ba.

Na uku ɗan ɗaki ne a tashar motocin Pitowa, tsakanin mai faci da mai ƙosai. Wakilin kamfanin wani tsoho ne da ya yi aikin akawu a wajen gurzar auduga. Kwamfutarsa tana lulluɓe da zanen matarsa saboda ƙura. Ba wata waya da ke shiga cikinta sai ta lantarki, lantarkin kuwa zuwa yake in ya ga dama. Da hannu ya rubuta mini takardata, ya ce zai shigar a inji in an kawo wuta. Na ce zan jira. Da aka kawo, ya yaye zanen, ya yi bisimilla, ya riƙa dannawa da yatsa ɗaya, injin yana gurnani kamar bijimin da aka ɗaure.

Saura baƙuwar fuska. Na aika wa taubashina, ɗan kawuna, mahauci ne a Mokolo, can cikin duwatsu, ba a san shi a Garwa ba. Ya zo, ya zagaya babur ɗin, ya dube ni.

"Bawana, wato na bar nama a rataye, na sha hanya tun daga dutse, don in je in sato labarin wannan akwalar?"

Na ce, "Gwaji ne."

"Duk wanda ya saci labarin babur ɗin nan, wallahi dawowa zai yi ya ba ka sadaka."

Ban gaya masa zancen motar ba, don Yaya bai ba ni izini ba. Na ba shi aron babbar rigata, ya ce tana warin tsoro, ya sa, ya tafi a matsayin mai son sayen babur da ke neman gidan mai shi.

A bene, madam ta ƙi. Ta ce doka ta hana, kuma don ya tabbata ba ƙeta take yi masa ba, ta juyo masa fuskar kwamfutar ta nuna masa inda aka rubuta cewa bayanin sirri ne. A ƙarƙashin rubutun ga sunana da unguwarmu. A kamfanin ƙofar ƙarfe direkta ya ƙi ko sauraronsa, ya sa aka raka shi waje. Wannan na yaba masa. Amma a waje mai kwari da baka ya ce, "Mai babur ɗin nan da ya tambayi inda sunansa zai kwana? Ai tun ranar muke dariyarsa," ya kwatanta masa gidanmu har da bishiyar ƙofa. Ban san yadda aka yi ya sani ba. Kuma a kwanakin nan saƙonni suka fara shigowa wayata daga wani mai sayar da kayan gyara, wanda ya san irin babur ɗina. Ban tabbata daga wane kamfani ya samu ba, ba zan ɗora wa kowa ba.

A tashar Pitowa tsoho ya karɓe shi hannu biyu, ya ba shi kujera, ya ci kilishin da ya kai masa, ya ce yanzu zai duba masa. Ba wuta. Ya ce ya dawo gobe. Ya koma, ga wuta, inji ya ƙi tashi. Ya sake komawa, inji ya tashi, ya yi gurnani, ya nuna baƙin allo, ya kwanta.

Taubashina ya dawo ya tuɓe rigata ya jefo mini. Ya ce, "Tsohon nan da zuciya ɗaya ya so ya tona maka asiri. Har haƙuri ya ba ni, ya ce in bar lambata. Injin ne ya ƙi."

Na zauna na auna abin da kyau. A gwajin mahaifinmu ba a duba niyyar makiyayi, abin da ake dubawa shi ne ko baƙo ya dawo da labari. Daga biyu ya dawo da labari, daga na uku ya dawo hannu wofi har ya yi asarar kilishi. Ɓarawon waya kuma ba shi da hanyar shiga injin da waya ba ta shigarsa. In ma ya zo da ƙafarsa, sai ya jira wuta kamar kowa. Na je na gaya wa Yaya na samo.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka je a ƙasa, kamar masu neman motar Pitowa. Muka zauna har aka kawo wuta, kuma Allah ya sa injin ya tashi. Tsoho ya riƙa tambaya, Yaya yana sunkuyawa yana raɗa masa a kunne: sunansa, unguwa, lambar waya, yawan shanun da motar ke ɗauka, ranar da ake lodi. Mai ƙosai ta leƙo, na tare ƙofa da jikina. Tsoho ya danna wani wuri, rubutun ya ɓace.

Yaya ya ce, "Baba, ya shiga?"

"Ya shiga, Alhaji. Fitowarsa kuma sai Allah."

Ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan daga bakin ma'aikaci ba. Shekarar nan na yi ƙiba kaɗan. Mota tana zuwa kudu tana dawowa, jandarmomi suna duba takardar suna miƙo ta, Yaya yana kan kekensa.

Da lokacin sabunta takarda ya yi, na je tashar na tarar ɗakin ya zama shagon cajin waya. Mai ƙosai ta ce tsoho ya koma ƙauyensu bayan Pitowa. Na bi shi, na same shi a gonar auduga. Ya ce kamfani ya rufe ƙananan ofisoshi, ya karɓi takardu, kwamfutar kuwa tunda ta daina tashi gaba ɗaya, suka ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Ya sayar wa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke kai kaya Kuseri.

Ya ga fuskata ta canza, ya ce, "Ai ta mutu, ɗana. Matacce ba ya magana."

Da wannan na riƙe kaina har Garwa. Amma ni mutum ne da ba ya barin kwanciyar hankali ba tare da ya bincike ta ba. Na je wajen wani mai gyaran kwamfuta a kasuwa na tambaye shi, kamar zancen wani nake yi. Ya ce mutuwar kwamfuta ba ta hana ta tunawa. A cikinta akwai ɗan akwati kamar gwangwanin kifi, nan kome yake. In an ciro shi an haɗa da mai rai, sai ya faɗi duk abin da aka taɓa gaya masa. Na ce ko da an raɗa ne? Ya ce shi bai san raɗa ba.

Na gaya wa Yaya bayan la'asar. Ya ce, "Masu ɗaukar mutane ba sa neman inji. Maƙwabta suke tambaya." Bai yi mini faɗa ba. Amma kafin magariba ya aika a dawo da 'ya'yansa daga ruga, inda suke hutu wajen makiyayanmu, kuma tun daga nan ba su sake zuwa ba.

Na ɗauki taubashina muka tafi Kuseri. A wannan karon na gaya masa gaskiya, sai ya ce ashe shi ya sa Alhaji ke ƙin ba shi aron keke, kada talaucin ya lalace. A Kuseri, kusa da gadar da ake tsallakawa zuwa Chadi, muka sami inda ake tara irin kayan. Matattun kwamfutoci tuli guda, duk launinsu ɗaya, fari da ya koma ruwan ƙasa. Mai kayan Larabcin Chadi yake yi da ɗan Fulatanci. Ya tambayi me nake nema a ciki. Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya tambayi sunan wa ke ciki. Na ce wannan ma. Ya dubi taubashina, taubashina ya nuna kansa da yatsa ya juya, wato ni ba ni da lafiya.

Abin da na iya tunawa shi ne tamu tana da lotsawa a gefen dama, inda tsoho ke marinta in ta ƙi tashi, kuma ta sha hayaƙin man ƙosai. Taubashina ya ce hanci sana'arsa ce, ya durƙusa ya riƙa shinshina su ɗaya bayan ɗaya, mutane suka taru suna kallo. Da yawansu suna da lotsawa a gefen dama, ashe kowa nan yake mari. Ya zaɓi guda ya rantse yana jin ƙosai. Mai kayan ya ce wasu sun riga sun tsallaka gada, wasu an fasa an sayar da cikinsu. Na sayi wadda aka zaɓa, na riƙe ta a cinya har Garwa.

Mai gyara ya ciro ɗan akwatin ya haɗa. Abin da ya fito hotunan bikin wasu mutane ne da ban sani ba, da wasiƙun wani malamin makaranta zuwa ga ɗan'uwansa. Na ce ya kashe kafin in karanta. Ya ce in bar masa ita, na ƙi, don yanzu na san abin da ake yi da matattu. Ba zan iya jefar da ita ba kuma, asirin wani ne ya faɗo hannuna. Tana ɗakina. Matata tana ɗora kwanuka a kai.

Har yau ba abin da ya sami gidanmu, alhamdu lillahi. Amma duk baƙon da ya yi sallama a ƙofar Yaya sai na dubi takalminsa in ga ko na daji ne. Sunan yana wani wuri, da unguwar, da ranar lodi, kuma ni na kai shi aka zuba.

Don haka nake roƙon masu karatu. In akwai wanda ya sayi tsohuwar kwamfuta ko ɗan akwatin cikinta a Kuseri ko a tsallaken gada, kuma yana zaton daga Garwa ta fito, don Allah kada ya kunna. In ya riga ya kunna, kada ya karanta. In ya karanta ya ga zancen motar shanu, kada ya faɗi sunan ga kowa, ko da ni ne, tunda na riga na san shi. Ba zan iya ba da sunana ko lambata a nan ba, dalilin a fili yake. Ya zo kasuwar shanu ta Garwa ranar kasuwa, ya tsaya kusa da wajen lodi da akwatin a hammata, kada ya tambayi kowa, ni zan gan shi. Masu ilimin abin kuma ina neman su sanar da ni, ta kowace hanya da ba ta waya ba, ko akwai shekarun da in matacciyar kwamfuta ta kai take mantawa da kanta, kuma ko zafin Kuseri yana gaggauta hakan.